Ba Jikinka Ba Ne Ya Saba da Maganin



Akwai wata magana da nake ji tun ina ƙarami, kuma har gobe ina jin ta a bakin manya da yara, masu boko da waɗanda ba su yi ba: "Wannan maganin ya daina yi mini aiki, jikina ya saba da shi." Ana faɗar ta a kan kafso ja da baƙi, ana faɗar ta a kan Ampiclox, yanzu har a kan allurar da mai kyamis ke tsira wa mutum bayan ya ce masa taifot ce. Mai maganar ba ƙarya yake yi ba game da abin da ya gani. Da can ya sha ya warke, yanzu ya sha shiru. Wurin ɗora laifin ne maganar ta karkace. Ga ƙwayoyi irin su tiramol, e, jiki yana sabawa, har ya nemi ƙari. Amma fenisilin da danginsa, jikinka ba shi da abin da zai saba da shi a cikinsu, domin tun farko ba wurinka aka aiko su ba. Wurin wani baƙo aka aiko su, wanda ya sauka a cikinka ba da izini ba. Baƙon ne ya canza.

Bambancin nan yana da nauyi. In jikinka ne ya saba, matsalar taka ce kai kaɗai, ranar da ka bar duniya ta bi ka. In kuwa baƙon ne, to baƙo yana da ƙafa. Yau yana gidanka, gobe yana gidan maƙwabcinka da bai taɓa haɗiyar kafso ko ɗaya ba.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, a ɓangaren da ake shuka ƙwayoyin cuta don a gane wacce ke damun majinyaci da wane magani ne zai ci ta. Aikin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Za a shafa ƙwayar a kan ɗan faranti mai ɗauke da abincinta, a jera wasu 'yan takardu masu faɗin ƙwayar wake, kowacce an jiƙa ta da magani daban, a rufe, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, a dawo da safe. Inda magani ke aiki za ka ga fili fetal kewaye da takardar, kamar an share. Inda ba ya aiki, ƙwayar ta tsiro har bakin takardar, sai ka ce jingina ta yi da ita tana hutawa. Ku lura fa, babu majinyaci a cikin farantin nan. Yana can a kwance a ɗakin jinya, ko ma ya tafi gida. Babu jininsa, babu hantarsa, babu abin da muke kira ƙarfin jini. Ƙwayar ce da maganin, su biyu rak, kuma a haka ta fi ƙarfinsa.

Kafin mu gane yadda ta fi ƙarfinsa, sai mun san yadda yake kashe ta in yana kashewa.

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, sai ka jera kusan dubu kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Cikinta cunkushe yake da gishiri da sukari da sauran kayan rayuwa, shi ya sa kullum ruwa ke ƙoƙarin kutsawa cikinta, kamar yadda busasshen wake ke kumbura in an jiƙa shi. Matsin da ke cikin wasunsu ya ninka iskar tayar mota sau da dama. Fatarta kuwa siririya ce, ba za ta iya riƙe wannan matsin ba. Duk wanda ya buga ƙwallon fata mai bilada yana yaro ya san sauran labarin. Biladar ita kaɗai ba ta da ƙarfi, fatar da aka ɗinke a waje ce ke riƙe ta. Ranar da ɗinki ya farke, sai ka ga biladar ta leƙo ta wurin, ta yi tulluƙi, in an sake yi mata duka ɗaya ta fashe. Wallahi haka abin yake a ƙarƙashin madubin likita in aka zuba wa ƙwaya fenisilin: ta kumbura ta gefe guda, ta leƙo, ta fashe.

Masana suna kiran wannan rigar ta waje bangon ƙwaya, amma ta fi kama da saƙa. Dogayen zarurruka ne na wani irin sukari da suka naɗe ƙwayar, sai gajerun igiyoyi da ke ɗaure kowane zare da na kusa da shi, har duka ya zama abu guda, riga ɗaya marar ƙofa. Sunanta feftidogilaikan, ba sai kun riƙe ba. Abin riƙewa shi ne ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan riga sam. Allah bai yi mu da ita ba, haka dabbobi.

Jikinmu ma ya daɗe da sanin lagon wannan riga. A cikin hawaye da yawu da majina akwai wani enzayim, wato ɗaya daga ƙananan ma'aikatan da ke yanka da ɗauri a cikin duk wani mai rai, wanda aikinsa tsinka dogayen zarurrukan nan. Sunansa laisozayim. Alexander Fleming ne ya bayyana shi a 1922, shekara shida kafin ya ci karo da fenisilin, kuma daga majinar hancinsa ya fara gano shi lokacin da mura ke damunsa. Ke nan duk ƙiftawar ido da kake yi kana wanke idonka ne da ruwan da ke farke rigar wasu ƙwayoyin.

To ga wuyar da ƙwaya ke ciki. Tana son ta girma ta rabu biyu, wasu ma duk minti 20 suke yi in sun samu abinci da ɗumi, ta yadda guda ɗaya kan haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Yaya za a yi ka faɗaɗa fatar ƙwallo alhali tana cike tam da iska, ba tare da ka sace iskar ba? Dole a samu ma'aikata biyu da ke aiki hannu da hannu. Ɗaya yana farke ɗinki kaɗan don a samu wurin sa sabon ƙyalle, ɗayan yana biye da shi yana ɗinkewa nan take. Mai farkewa da maɗinki. Muddin suna tafiya daidai, ƙwaya na girma lafiya. Rayuwarta kacokan a kan wannan daidaiton ta rataya.

Nan fenisilin ke shigowa, kuma dabararsa ta yaudara ce. Fleming ya gan shi a 1928 a asibitin St Mary's da ke Landan, lokacin da funfuna ta faɗa masa a faranti ta share ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford ne suka mai da shi magani, aka fara gwada shi a kan wani ɗan sanda a Fabrairun 1941. Maganin ya yi ƙaranci har sai da aka riƙa tace shi daga fitsarin mutumin ana sake ba shi. Ya fara samun sauƙi, magani ya ƙare, ya rasu. An yi shekara ashirin da wani abu ana warkar da mutane da fenisilin kafin a fahimci ainihin abin da yake yi. A 1945 Dorothy Hodgkin ta nuna siffarsa, aka ga a tsakiyarsa akwai wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu, a takure, kamar tarkon ɓera da aka ɗana. Sai a 1965 Donald Tipper da Jack Strominger a Amurka suka kawo bayanin da har yau ake kai: wannan zoben ya yi kama da bakin igiyar da maɗinki ke kamawa in zai yi ɗauri. Maɗinki ya gan shi, ya zaci igiya ce, ya kai hannu, tarko ya kama. Hannun ya maƙale, ba ya sake ɗinki.

Shi kuwa mai farkewa ba wanda ya gaya masa an kama abokin aikinsa. Yana nan yana ta farkewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan ruwa ne ƙadangaren. A 1970 Alexander Tomasz da abokan aikinsa a Niyok suka gwada ƙwayar ciwon huhu da aka raunana wa mai farkewa, suka ga fenisilin yana tsayar da girmanta amma ba ta fashewa. Wato da hannunta ƙwaya ke yaga rigarta, fenisilin ɗaure maɗinki kawai ya yi. Ni dai a duk abin da na karanta a fannin nan ban ga abin da ya burge ni kamar wannan ba.

Daga nan abubuwa da yawa ke warware kansu. Me ya sa ake iya ɗura wa mutum fenisilin mai yawa bai ji komai ba, in ban da waɗanda jikinsu ke ƙyamarsa? Saboda ba mu da maɗinkin da zai kama. Me ya sa ba ya maganin mura? Saboda bairos ke kawo mura, shi kuwa ba shi da riga ba shi da maɗinki. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma ba ta da irin wannan riga. Duk kafson da aka haɗiya don mura, tarko ne aka ɗana a ɗakin da babu ɓeran da ake nema. Sai dai ɗakin ba kango ba ne, akwai wasu mazauna ciki, za mu zo kansu.

Yanzu ga amsar ƙwaya. A 1940, tun kafin a yi wa ɗan sandan nan allura, Edward Abraham da Chain ɗin dai suka ba da rahoton cewa wata ƙwayar hanji tana fitar da enzayim da ke lalata fenisilin. Almakashi ne, yana datse zoben nan mai kusurwa huɗu, tarko ya saki tun bai kai ga maɗinki ba. Ana kiransa bita-laktames. Abin mamaki, yawancin almakasan nan dangin maɗinki ne na jini, tsatsonsu ɗaya. Shi ma yakan kai hannu tarkon ya kama shi, amma ya iya kuɓucewa: ya jawo ɗigon ruwa, ya karya zoben, ya yar, ya kama na gaba. Almakashi ɗaya mai kaifi na iya lalata ɗaruruwan ƙwayoyin magani a cikin sakan guda.

Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a Disambar 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi fenisilin a kanti, ya sha abin da bai kai ba, ya bar ƙwayoyin da suka jure. Kamar ya leƙo tashar motarmu ya ga mai tallar magani da tirensa a rana. Ba a ma jira kanti ba. Kafin 1948 ta ƙare, fiye da rabin ƙwayoyin sitafilokokus, masu kawo maruru da ruɓewar rauni, da aka gwada a wani asibitin Landan sun riga sun mallaki almakashi.

Abin da ya fi tayar da hankali ya fito a 1965, lokacin da Naomi Datta da abokiyar aikinta suka yi nazarin wata ƙwayar hanji da aka samo daga majinyaciya a ƙasar Girka. Sun gano umarnin ƙera almakashin ba a cikin babban kundin gadon ƙwayar yake ba. Yana kan wani ɗan zoben gado ne na daban, wanda ƙwaya ke iya kwafa ta miƙa wa wata, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Mu mutane daga iyaye kaɗai muke gado. Su kuwa suna ba juna laƙani kamar maƙwabta ta kan katanga, kuma sau da yawa ɗan zoben guda yana ɗauke da laƙanin magunguna uku ko huɗu a haɗe. Ƙwayar da ke zaune lafiya a hanjinka ba ta cutar da kai tana iya riƙe laƙanin shekara da shekaru, ranar da muguwa ta shigo ta ba ta.

Masu haɗa magani ba su zauna ba. Sun samo wani sinadari daga ƙwayar ƙasa da ke cusa kansa a bakin almakashi ya toshe shi, suka haɗa shi da amoksisilin ya zama ɗan rakiya. Shi ne Augmentin, ya fito a 1981. Suka kuma koma kan wani dangi na fenisilin da Giuseppe Brotzu ya samo a 1945 daga funfunar da ke bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na Italiya, suka yi ta gyara shi har aka samu irin su seftiriyazon a farkon shekarun 1980, waɗanda aka yi wa kafaɗa mai faɗi don kada su shiga bakin tsohon almakashi. A 1983 aka ga ƙwaya a Jamus da almakashinta ya faɗaɗa baki. Canjin da aka samu bai taka kara ya karya ba, harafi ɗaya ko biyu ne a cikin umarnin, amma ya wadatar. Sai aka koma ga ajin su merofenem, waɗanda likitoci ke ɓoyewa sai tura ta kai bango. A 2008 aka samu wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a birnin Delhi na Indiya, ɗauke da ƙwaya mai sabon almakashi da ke aiki da ƙarfen zink. Yana datse merofenem, kuma ɗan rakiyar da ke cikin Augmentin ba ya toshe shi. Aka sa masa suna NDM-1, da sunan birnin, abin da ya fusata hukumomin Indiya. Yau ana samun sa a kowace nahiya da mutane ke zaune, har da tamu. Nau'o'in almakashin da aka ƙidaya zuwa yanzu sun kai dubbai.

Sitafilokokus kuwa wata hanyar ya bi. Da aka ga ya yi almakashi, sai aka ƙera metisilin, wanda almakashinsa ba ya iya kamawa, aka fara amfani da shi wajen 1960. A 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayoyin da suka jure masa a Ingila. Wannan karon ba su taɓa maganin ba. Sabon maɗinki suka ɗauko haya, wanda ke naɗe hannunsa ba ya kai wa tarko, sai ya tabbatar igiyar gaske ce. Ana ɗaure tsofaffin maɗinkan duka, shi yana can yana ɗinkinsa. Su ne ake kira MRSA. Ku dubi Ampiclox ɗinmu da wannan idon. Magani biyu ne a kafso ɗaya, amfisilin da kiloksasilin. Na farko almakashi ke cinye shi. Na biyu ƙanen metisilin ne, sabon maɗinki bai san da zamansa ba.

Akwai labarin bushiya da nake so a nan. A 2022 masu bincike suka wallafa cewa bushiyoyin Turai, musamman a Denmak da Suwidin, da yawansu suna ɗauke da wani nau'in MRSA a fatarsu, kuma nau'in ya samo asali kusan shekara 200 da suka wuce, tun ba a haifi Fleming ba. Dalili? A fatar bushiya akwai wata funfuna da ke fitar da nata fenisilin, ƙwayar da ke son zama a wurin dole ta nemi mafita. Ba wannan nau'in ne ya fi addabar asibitoci ba, amma ya nuna faɗan ya girme mu. A 2011 ma an tono daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000 a arewacin Kanada, aka samu umarnin jure wa dangin fenisilin da wasu magungunan kwance a ciki.

Sauran dabarun zan bi ta kansu da sauri. Bankomaisin, maganin da ake komawa gare shi in MRSA ya gagara, ba maɗinki yake kamawa ba, bakin igiyar yake rungumewa ya hana a ɗaura. Wasu ƙwayoyin hanji suka sauya ƙullin bakin igiyar kaɗan, riƙon maganin ya ragu sau dubu. An ba da rahotonsu a 1988. Ƙwayoyi irin su ikolai da kilebsiyela kuma suna da katanga ta biyu a wajen rigar, mai 'yan ƙofofi. Sukan rage ƙofofin, su sa famfo yana fitar da abin da ya shigo, sannan su tara almakasansu a zaure tsakanin ƙofar gida da tsakar gida. Ɗan abin da ya samu shiga, a zaure ake gamawa da shi.

Tunda faɗan ya girme mu, mene ne namu a ciki? Namu shi ne shara. Magani ba ya koya wa ƙwaya komai, share mata fili yake yi. Manomin da ya fesa maganin ciyawa duk ta mutu sai ƙiri-ƙiri, baɗi gonar ta ƙiri-ƙiri ce. Hanjin kowannenmu gona ce mai tiriliyoyin ƙwayoyi, mafi yawansu masu amfani ne ko marasa ruwan kowa. Su ne mazauna ɗakin da na ambata ɗazu. Kafson da aka sha don mura bai sami mura ba, amma ya sami su. Marasa almakashi suka mutu, 'yan tsirarun masu almakashi suka wayi gari da fili da abinci ba abokin rabo.

Wata goggona ta daɗe tana fama da abin da mata ke kira sanyi. Duk sanda ta ji zafin fitsari sai ta aika kyamis a sayo mata kafso na kwana biyu, in ta ji sauƙi ta ajiye. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta yarda aka shuka fitsarin. Ikolai ce, kuma ta jingina da takardar amfisilin, ta jingina da ta seftiriyazon. Na kai mata sakamakon da kaina.

Ta ce, "Ai na gaya maka, ɗan nan, jikina ne ya saba."

Na ce, "Goggo, jikinki yana nan yadda kika san shi. Abin da ke cikin marar ne ya yi wayo."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To in shi ne ya yi wayon, su Ummi da nake yi wa tuwo fa?"

Ba ta yi aji ɗaya a boko ba, amma cikin numfashi guda ta isa inda wasu masu digiri ba su isa ba. Ƙwayar hanji ta bayan gida take fita, ta bi hannun da ba a wanke da sabulu ba, ta bi kwata, ta bi masai da ke kusa da rijiya, ta bi latas da aka yi wa ban ruwa da ruwan lambatu. Ta bi kajin gidan gona da ake zuba wa magani a ruwan sha tun suna 'yan tsaki. An samu wani maganin da ya ci tata, ta warke, amma kuɗinsa ya ninka na kafson da ta saba saye sau da yawa.

Ba na cikin masu zagin talaka a kan wannan. Wanda ya sayi kafso huɗu, kuɗin huɗu ke gare shi. Asibiti yana da nisa, layi yana da tsawo, gwajin shuka yana da tsada kuma ba kowane gari ake yin sa ba. A yankinmu har yanzu akwai yaran da ke mutuwa da ciwon huhu don ba su samu amoksisilin na 'yan kuɗi kaɗan a kan lokaci ba, kuma duk wanda zai yi wa'azin rage shan magani ya manta da su bai yi adalci ba. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya sani. Mai kyamis da ke tsira seftiriyazon a kan kowane zazzaɓi don allura ta fi kafso riba. Ma'aikacin lafiya da ke rubuta shi don kada majinyaci ya ce bai iya aiki ba. Wannan seftiriyazon ɗin fa shi ne abin da muke dogara da shi in sanƙarau ya ɓarke da bazara. Kowace allurar banza yanka ce a jikin igiyar da za mu nema ranar da guga ya faɗa rijiya.

A Janairun 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da ƙididdiga mafi faɗi da aka taɓa yi a kan lamarin zuwa lokacin. A shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayar da ta kama su ta jure wa magani. Da aka raba lissafin yanki-yanki, Afirka ta Yamma ce ta zo kan gaba, da mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. Ba Turai da ke da manyan asibitoci ba, mu.

Waɗanda suka fi shan wuya kuwa su ne waɗanda ba su taɓa sayen komai a kyamis ba. Tsakanin 2015 da 2018 an yi wani babban bincike mai suna BARNARDS a kan jarirai a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, Jami'ar Cardiff ta jagoranta, kuma akwai asibitocin Kano da Abuja a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in jariri ya kamu da cutar jini a fara ba shi amfisilin da jentamaisin. A cikin ƙwayoyi 390 masu katanga biyu da aka ciro daga jinin jariran aka gwada, 379 sun jure wa amfisilin, 274 sun jure wa jentamaisin. Jaririn kwana uku da wane magani jikinsa ya saba? Ƙwayar ya tarar a duniya, a jikin uwa, a hannun ungozoma, a kan gadon asibiti, ta zo masa da almakashinta a wasa.

Na sha karɓar kwalbar jinin irin waɗannan jarirai. Ba ta kai rabin kwalbar turare ba. Sai ta kwana ɗaya ko biyu a akwatin ɗumi kafin ƙwaya ta nuna kanta, a shafa a faranti ta sake kwana, a jera takardu ta sake kwana. Kwana uku ke nan in an yi sa'a wuta ba ta yi tsiya ba. Jariri mai cutar jini ba ya jiran kwana uku, saboda haka likita canka yake yi tun daren farko, ya ba da maganin da ya saba cin ƙwayoyin garin. In ƙwayoyin garin na da ne, cankarsa ta yi daidai. Akwai safiyar da na auna faranti, na rubuta sunan maganin da ya rage guda ɗaya tilo, na hau sama da takardar a hannuna don kada a jira masinja. Nas ɗin da ke bakin aiki ta duba lambar gadon, ta dube ni, ta karɓi takardar ta sa a fayil. An riga an sa wani jaririn a gadon.